Sharhi kan Eco, wasan kwamfutar da ba a cin nasararsa sai da yardar maƙwabta

Yawancin wasannin bidiyo da suka taɓo batun sauyin yanayi suna zaunar da ɗan wasa ne a kujerar mai wuƙa da nama: shi kaɗai yake kallon taswira daga sama, shi yake ba da umarnin a rufe tashar wutar kwal ko a dasa daji, kuma babu mahaluƙin da zai tare shi ya ce bai yarda ba. Eco, wanda kamfanin Strange Loop Games na birnin Siyatil a Amurka ya ƙera, ya ƙi bin wannan hanya. Ya mai da ɗan wasa mutum guda a cikin jama'a, mai ciki ɗaya da hannu biyu da 'yar sana'arsa, wanda hayaƙin maƙwabcinsa yake shafarsa, kuma ba shi da ikon hana maƙwabcin nan komai sai in ya shawo kan sauran mutane sun kafa doka. A ganina wannan ita ce babbar shawarar da masu tsara wasan suka yanke, kuma daga gare ta ƙarfinsa da mafi yawan rauninsa suka samo asali.

Wasan ya kwana biyu a kasuwa. John Krajewski, wanda ya jagoranci aikin, ya nemi gudummawar jama'a a dandalin Kickstarter a shekarar 2015, inda aka tara sama da dala 200,000, sannan Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ta ba da nata tallafin domin a samar da abin da ɗalibai za su koyi ilimin muhalli da shi. A watan Fabrairun 2018 aka fara sayar da shi a kasuwar Steam a matsayin aikin da ba a kammala ba, ana sayarwa ana ci gaba da gini. Gyare-gyare biyu ne suka fi sauya masa kama: na 2020, wanda ya faɗaɗa harkar mulki da kundin tsari da kotu da muƙaman zaɓe, da na ƙarshen 2023, wanda ya kawo jiragen ruwa da tsarin garuruwa da ƙasashe. Farashinsa ya daɗe a wajajen dala 30, kuma kwamfuta mai manhajar Windows ake buga shi da ita.

Labarin da aka gina wasan a kansa gajere ne. Ana sauke 'yan wasa a wata ƙaramar duniya da aka gina da ƙananan tubala masu siffar akwati, mai dazuzzuka da koguna da hamada da teku, wadda a ƙananan sabobi (saba ita ce kwamfutar da take ɗauke da duniyar wasan, wadda 'yan wasa suke shiga ta intanet) faɗinta bai kai murabba'in kilomita ɗaya ba. Idan mutum ya ɗaga kai sama zai hango wani ƙaton dutse yana kewaya duniyar, kuma bisa tsarin asali, bayan kwana 30 na agogon gaske zai faɗo ya ragargaza ta. Mafita ita ce jama'a su tashi daga gatarin dutse su kai matsayin da za su ƙera manyan na'urorin leza masu harba haske mai ƙarfi da ɗakin kwamfuta mai sarrafa su, su samar da wutar lantarkin da za ta ɗauke su, sannan su tarwatsa dutsen. Sai dai kowane mataki na wannan tafiya yana cin itace da ma'adinai da kwal da man fetur, kuma yana barin datti a ƙasa da hayaƙi a sama. Wanda ya yi nawa, dutse ya same shi. Wanda ya yi gaggawa ba lissafi, ya kashe ƙasar da yake ƙoƙarin ceta. Babu yaƙi tsakanin 'yan wasa, babu dodanni, kuma bakan da ke hannun mutum na farauta ne kawai.

Tun daga itacen farko da mutum zai sara yake fahimtar cewa an tsara wasan ne domin ya ji nauyin abin duniya a jikinsa. Sai ya yi ta sara kafin itacen ya karkata ya faɗi ƙasa da tsawonsa, sannan ya bi gangar jikin yana daddatsa ta gunduwa-gunduwa, ya kwashe rassan da suka warwatsu, domin muddin suna nan ba abin da zai tsiro a wurin, ya kuma tuge kututturen idan yana son filin ya koma yadda yake. Gungumen da ya datsa ba sa shiga aljihu kamar yadda aka saba a wasu wasanni. Ɗauka zai yi ya kai ma'ajiya, ya dawo ya sake ɗauka, har ranar da zai mallaki amalanke, ita kuma amalanken ba ta tafiya da kyau sai an gyara mata hanya. Kowane sara yana rage masa kalori, wato ƙarfin da abinci yake ba jiki, idan kuma cikinsa ya zama fayau ba zai mutu ba, amma gatarin ba zai ƙara ɗaguwa ba. Wasu za su kira wannan wahala, kuma akwai gaskiya a maganarsu, amma wahalar tana da aiki: ita ce take sa mutum ya san darajar hanya da amalanke da abinci, ya kuma san cewa dukansu wani ne yake yin su.

A nan ne masu tsara wasan suka nuna ƙwarewa ta gaske. Ɗan wasa ba ya samun sabuwar sana'a da yawan abin da ya kashe ko ya tara. Makin da yake buɗe sabuwar sana'a da shi yana taruwa ne a hankali bisa agogon gaske, ko yana cikin wasan ko ya fita, kuma abubuwa biyu ne suke ƙayyade saurinsa: ingancin abincin da ke cikinsa da kyawun gidan da yake zaune. An raba abinci gida huɗu, mai sitaci da mai gina jiki da maiƙo da bitamin, kuma wanda ya cika cikinsa da iri ɗaya ba zai kamo ƙafar wanda ya daidaita su ba. Gida kuma ana auna shi da ɗakunansa, na kwana da na girki da makewayi da falo, da irin kayan da aka gina shi da su, da kujeru da gadaje da fitilun da ke ciki. Da yake taurarin da wannan maki yake bayarwa, waɗanda ake buɗe sana'o'i da su, suna ƙara wuyar samu yayin da ake tafiya, da wuya mutum ɗaya ya haɗa dukkan sana'o'in a cikin kwana 30. Maƙeri yana bukatar girkin mai dafa abinci domin ya ci gaba, mai dafa abinci yana bukatar manomi da maharbi da mahauci, manomi yana bukatar fartanyar maƙeri, dukansu kuma suna bukatar magini da kafinta da tela domin gidajensu su yi daraja. Ba a rubuta wa kowa wa'azin haɗin kai ba. An dai rufe duk wata ƙofa da mutum zai bi ya wadatu shi kaɗai.

Ilimi ma haka aka yi masa. Kafin a buɗe sabuwar fasaha, sai an haɗa littafinta a teburin bincike, kuma kayan haɗa littafin suna fitowa ne daga sana'o'i dabam-dabam, da tsada mai yawa. Da zarar an haɗa shi, ana iya fitar da takardun koyo daga cikinsa a ba kowa. Nan take sai tambaya ta taso: wa zai biya kuɗin littafin, kuma wanda ya biya, sayar da takardun zai yi ko sadaka zai bayar? Jama'ar da ta haɗa kuɗi ta ajiye littattafai a wurin da kowa zai ɗauka tana saurin ci gaba, wadda kuma ta bar ilimi a hannun mutum biyu ko uku takan tsaya cik idan ɗayansu ya daina shigowa.

Kasuwa tana tasowa da kanta daga wannan bukata. Kowa yana iya kafa shago ya rubuta abin da yake saye da abin da yake sayarwa da farashinsu, kuma cinikin yana gudana ko mai shagon ba ya nan. Da farko kowane mutum yana da nasa kuɗin bashi, daga baya sai a gina gidan buga kuɗi a fitar da kuɗin bai ɗaya, a buɗe banki da baitulmali, a fara karɓar haraji. Akwai allon kwangila, akwai kuma tsarin da mutum zai shelanta babban aiki, kamar shimfiɗa hanya, kowa ya zo ya zuba ƙarfinsa a biya shi gwargwadon abin da ya yi. Wannan yana kama da gayya, sai dai ita gayyar Eco ana rubuta gumin kowa a lissafi. Wannan ɓangare yana aiki sosai, har ma wasu 'yan wasa sukan manta da dutsen da ke sama su duƙufa ga kasuwanci.

Matsala tana farawa ne ranar da aka soma haƙar tama da tagulla da zinariya. Tace ma'adinai yana barin gurɓataccen ɓaraguzai wanda ba a iya share shi da danna maɓalli. Abu ne mai jiki, sai an ɗauke shi an kai wani wuri, kuma duk inda aka jibge shi a sarari gubarsa tana tsiyaya cikin ƙasa, tana bazuwa, tsirrai suna mutuwa, amfanin gonar da ke kusa yana raguwa. Hanyar da ta dace ita ce a haƙa rami mai zurfi a cikin dutse a binne shi, wannan kuma aiki ne mai cin kalori da lokaci wanda ba ya kawo wa mai yinsa ko kwabo. Saboda haka kullum akwai jarabar a zubar da shi bayan gari a wuce. Mai karatu daga arewacin Najeriya ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. A shekarar 2010 aka gano cewa niƙan dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a cikin gidaje ya hallaka yara aƙalla 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, kuma maganin da aka yi a wurare irin su Dareta da Bagega shi ne kankare ƙasar saman tsakar gidaje a kai ta rami a binne, a zuba sabuwa. Wasan bai kai kusa da nuna zafin irin wannan musiba ba, tunda babu wanda yake ciwo ko mutuwa a cikinsa, amma ya kama ainihin yadda abin yake faruwa: ribar tana shiga hannun wanda ya tace, cutar kuma tana sauka a kan wanda ke zaune kusa.

Hayaƙi yana zuwa daga baya, kuma a hankali. Murhunan narka ƙarfe da injinan tururi da janaretoci da motoci da matatun mai suna fitar da iskar kabon, dazuzzuka suna shanye wani kaso, abin da ya yi saura yana taruwa. Idan ya wuce iyaka zafin duniyar yana ƙaruwa, yankunan da tsirrai suka saba rayuwa suna sauyawa, teku kuma yana tasowa ya cinye gaɓa da duk abin da aka gina a kanta. Dabbobi da tsirrai ma ana lissafa su ɗaya bayan ɗaya, suna haihuwa suna ci suna cinye juna, kuma nau'in da aka ƙarar da shi ta hanyar farauta ko share daji ya tafi ke nan a wannan duniyar. Abin da ya fi burge ni shi ne, duk wannan yana rubuce. Kowace saba tana da shafin da ake buɗewa a ga jadawalin yawan kowace dabba, da adadin itatuwan da aka sare da wanda ya sare su, da ma'aunin kabon a iska, da taswirar da ke nuna inda guba ta kai. Ba a ɓoye wa kowa komai ba, amma kuma wasan ba ya fitowa ya ce ga mai laifi. Aikin 'yan wasa ne su karanta alƙaluman su gina hujja.

Daga hujja sai doka, kuma a nan Eco ya sha bamban da duk wani wasa da na sani. Ana gina doka ne kamar jimla mai sharaɗi: a zaɓi aikin da zai tayar da ita, a sa sharuɗɗa, a faɗi hukunci. Misali, wani zai iya rubuta cewa duk wanda ya sare itace a gundumar da ke bakin kogi, idan abin da ya sare a yini guda ya haura 20, a hana shi. Ana gabatar da ita da bayani, masu goyon baya da masu suka su kawo jadawalinsu, a kaɗa ƙuri'a, idan ta wuce kuma wasan da kansa yake zartar da ita, har gatarin mutum ya ƙi cin itacen. Da jin wannan sai a ɗauka an gama, amma washegari sai a tarar dokar ta daƙile mai sana'ar saran itace, wanda kafinta da magini da mai gawayi duka suka dogara da shi, farashin katako ya tashi, gine-gine sun tsaya. Sai a dawo a gyara: a ware masu lasisi, ko a bar hani a koma haraji a kan kowane itace, a riƙa biyan mai dasawa daga kuɗin da aka tara. Shi ma wannan yana da ƙofar zamba, domin za a sami wanda zai riƙa dasawa a inda itacen ba zai rayu ba don ya karɓi lada. Kowace doka tana haifar da sabuwar dabara, kowace dabara kuma tana neman gyara, kuma duk wanda ya taɓa zama a kwamitin unguwa ko na kasuwa zai gane wannan gajiya.

Tun 1968 masanin nan Garrett Hardin ya yaɗa ra'ayin cewa dukiyar da kowa yake da hannu a cikinta, kamar makiyaya ko daji, ƙarshenta lalacewa, domin kowa zai ɗiba iya ƙarfinsa kafin wani ya riga shi. Elinor Ostrom, wadda ta karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta yi shekaru tana nuna cewa ba dole ba ne hakan ya faru: ta kawo misalan makiyayan tsaunukan Siwizalan da dazuzzukan ƙauyukan Japan da tsarin ban ruwa a Sifaniya, inda jama'a suka riƙe dukiyarsu ɗaruruwan shekaru saboda sun shata iyaka, su suka tsara ƙa'idojinsu, suna sa ido a kan juna, kuma hukuncinsu yana farawa da sauƙi kafin ya tsananta. Eco fili ne da ake gwada waɗannan ra'ayoyi biyu, kuma sakamakon yana bin halin mutanen da suka taru. Sai dai a nan nake da ƙorafi na farko a kan tsarin. Da yake na'ura ce take zartar da doka, an ɗauke wa jama'a aiki mafi wuya, wato sa ido da kama mai laifi da jure ɓacin ran hukunta ɗan'uwa. A zahiri dokokin hana sare itace suna nan jibge a ƙasashe da yawa, abin da ya gagara shi ne aiwatarwa, ga cin hanci, ga alfarma, ga talaucin da ke sa mutum ya zaɓi gawayin yau a kan inuwar gobe. Ɗalibin da ya koyi siyasar muhalli daga wannan wasa kaɗai zai iya fita da zaton cewa cin ƙuri'a shi ne ƙarshen aiki.

Akwai kuma wani darasi da wasan yake bayarwa, wanda a wurina ya fi na dokar zurfi. Mutumin da ya shigo saba bayan mako biyu da farawa yakan tarar an riga an mallake filaye masu kyau, an sare dajin da ke kusa, waɗanda suka riga shi sun gina gidajen bulo da dukiyar da suka tara lokacin da babu ƙa'ida, sannan yanzu sun kafa dokokin da suka hana shi yin abin da su suka yi. Dokokin suna da hujja, domin dajin da gaske yana ƙarewa, amma shi ma ƙorafinsa yana da hujja. Wannan ita ce gardamar da ake yi a tarukan yanayi na duniya tun yarjejeniyar Riyo ta 1992, wadda ta amince cewa nauyin na kowa ne amma ba daidai yake a kan kowa ba, kuma ita ce ta kai ga amincewa da asusun biyan asara da ɓarna a taron Masar na 2022. Nahiyar Afirka, wadda hayaƙinta bai kai kashi 4 cikin ɗari na abin da duniya take fitarwa ba, ita ce mai shigowa a makare. Jama'ar Eco da suka san abin da suke yi sukan ware wa sabon shiga fili da jari da takardun koyo kyauta, kuma dalilinsu ba tausayi kaɗai ba ne, domin sun san idan ya yi fushi ya tafi sun rasa hannun da za su bukata a makon ƙarshe.

Ƙorafina na biyu a kan dutsen ne. Na fahimci amfaninsa: ba don shi ba, babu abin da zai tilasta wa kowa gina masana'anta, kuma mafi sauƙin hanyar kare muhalli sai ta zama kowa ya zauna a bukkarsa. Amma dutsen abokin gaba ne daga waje, kowa yana ganinsa, an san ranar zuwansa, kuma ana gamawa da shi a dare ɗaya da ƙarfin fasaha. Sauyin yanayi na gaske ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan siffofi. Illar wannan tsari ita ce hankalin 'yan wasa yakan karkata ga tseren fasaha, kula da muhalli kuma ya zama abin da ake yi gwargwadon kada ya hana tseren. A babbar duniya mai mutane kaɗan ma, daji yakan shanye hayaƙin da ake fitarwa, har a tarwatsa dutsen ba tare da teku ya motsa ba, ma'ana darasin da aka gina wasan dominsa bai ko bayyana ba.

Na uku shi ne lokaci. Kwana 30 na gaske ba ƙaramin alƙawari ba ne, kuma wanda yake da sa'o'i shida a kullum zai yi wa mai sa'a ɗaya nisa a dukiya da faɗa a ji, duk da ƙoƙarin da aka yi na ɗaure ƙwarewa da agogo. Sanannen abu ne a tsakanin masu buga wasan cewa sabobin da kowa yake iya shiga sukan cika maƙil a kwanakin farko, sannan su riƙa yoyewa, a bar shaguna babu kaya da gidaje babu kowa. Ana iya buga shi mutum ɗaya, amma ban ba kowa wannan shawara ba, domin idan aka cire kasuwa da muhawara da ƙuri'a, abin da ya rage jigilar gungume ne da duwatsu.

Yanayin ƙasar wasan ma yana da iyakarsa. An fi jin ƙamshin nahiyar Amurka a cikinsa: manyan itatuwan yankin sanyi, da ɓaunar Amurka, da kyarkeci, da kifin salmon, da masara da alkama da wake da tumatir. Babu gero, babu dawa, babu garken shanu masu neman burtali, kuma ba a gina noma a kan saukar damina da ɗaukewarta ba. Danshi da zafi alƙaluma ne da aka raba wa kowane yanki a taswira. Saboda haka fuskar sauyin yanayi da manomin Sahel ya sani, wato ruwan da ke makara ko ya ɗauke ana tsakiyar bunƙasar shuka, ko ya zo gaba ɗaya kamar ambaliyar 2022 da ta ci rayuka sama da 600 a Najeriya, ba ta cikin wasan. Wannan giɓi ne da ke jiran masu ƙera wasanni na yankinmu, kuma abin da ya kamata su ara daga Eco shi ne ƙashin bayansa: sana'o'in da ba sa tsayuwa sai da juna, dattin da dole a ajiye shi a wani wuri, alƙaluman da kowa yake gani, da dokar da 'yan wasa suke rubutawa da hannunsu.

Wanda yake son abu mai sauƙi yana da zaɓi. Terra Nil, wanda kamfanin Free Lives na Afirka ta Kudu ya fitar a 2023, wasa ne mai kwantar da hankali inda ake farfaɗo da mataccen fili da injina, a dawo da koguna da dazuzzuka da dabbobi, sannan a kwashe injinan a tafi. Yana da kyau ƙwarai, amma babu mutum ko ɗaya a cikinsa da za a nemi yardarsa. Alba, na kamfanin ustwo games na 2020, yana bin wata yarinya da ke tara sa hannun mutanen tsibiri domin a ceci gandun namun daji daga masu son gina otal, kuma ya dace da yara, sai dai mutanen da take shawo kansu rubutattu ne, an riga an tsara za su yarda. A Eco wanda ake lallashi mutum ne mai rai, mai nasa lissafi, kuma yana iya ƙi.

Ta fuskar kayan aiki, wasan yana da nauyi. Yana son kwamfuta mai katin hoto na musamman da wadatacciyar ƙwaƙwalwa, musamman idan gari ya cika da gine-gine da motoci, kuma ƙaramar kwamfutar ofis ba za ta ɗauke shi yadda ya kamata ba. Yana bukatar intanet mai ɗorewa, sabar kuma dole ta kasance a kunne dare da rana, wanda a inda wutar lantarki ba ta da tabbas yake nufin hayar saba a waje da biyan kuɗi da dala. Menu da bayanan sana'o'i suna cikin Turanci da wasu manyan harsuna, babu Hausa, kuma shafukan tsara doka suna da sarƙaƙiya har ga wanda ya iya Turancin. Muhawarar kanta dai babu abin da ya hana a yi ta da Hausa, a rubuce a cikin wasan ko da murya a wata manhajar.

Wanda zai ci moriyar kuɗinsa shi ne mai ƙungiya: ajin jami'a da ke karatun muhalli ko tattalin arziki ko tsara birane, ƙungiyar matasa masu aikin dashen itace, ko abokai goma zuwa ashirin da suka san juna kuma za su iya alƙawarin shigowa a kai a kai. Shawarata ga mai kafa sabar ita ce ya zaɓi ƙaramar duniya domin ɓarna ta bayyana da wuri, ya sa matakin dogaro da juna a sama yadda ba wanda zai tara sana'o'i da yawa, ya kuma daidaita kwanakin dutsen da jadawalin mutanensa, tunda ana iya tsawaita su ko a cire dutsen gaba ɗaya. Idan malami ne, ya ware zama guda a kowane mako a wajen wasan, a buɗe jadawalin kabon da na itatuwa a gaban kowa, a sa wanda ya kawo doka ya kare ta da baki a gaban waɗanda za ta shafa kafin a je ga ƙuri'a.